Ranar Ruwan da Na Ba Baba Sule

Kun taso kuna jin labarin nan a bakin mutane, kuma ina ganin yadda kuke ɗaga kai in ana ba da shi. Wai shekarar da aka rufe kanal, babanku ya ɗauki ranar ruwansa ya ba Baba Sule, albasar Baba Sule ta tsira, tumatirin babanku ya ƙone, kuma ko ƙorafi bai yi ba. Ranar sadakar ukun Baba Sule ma sai da aka maimaita shi a zaure. Ina zaune kaina a ƙasa, mutane suna zaton tawali'u ne, alhali kunya ce ta danne ni. Yanzu da shi da Innarku duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya haskaka makwancinsu, ba sauran wanda maganar za ta sosa sai ni. Tun da Allah Ya sa hannuna ya iya riƙe biro, zan rubuta muku yadda aka yi.

Sai na koma baya kaɗan. Ina yaro, akwai shekarar da tsuntsun jan-baki ya sauko wa shinkafa har aka turo jirgin feshi. Ƙaramin jirgi ne mai farfela ɗaya a hanci. Ya biyo saman kanal ƙasa-ƙasa har na ga kan matuƙin ta gilashi, ya karkata fiffike ya juya kamar mai leƙen gonarmu. Kowa ya gudu saboda warin magani, ni na tsaya. Na sha bulala a ranar, amma jirgin bai fita daga kaina ba. Na girma, na yi aure, na gaji gonar babana a ƙarshen ƙaramin kanal ɗinmu kusa da Kadawa, ban taɓa gaya wa kowa ba. Manomin da bai san bihim ba a boko, ina shi ina zancen jirgi?

Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kura, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyukanmu. Abin da ya kai ni ba wani babba ba ne, na gaji da kai wa mutane takardar magani su karanta mini. Malaminmu Bitrus ne, mutumin Filato, dogo mai dariya da dukan jikinsa. Da rana yana da shago inda ake buga takardu, da kwamfuta huɗu, da wani faranti a kan rufi mai jawo intanet. Bayan la'asar yake koya mana a ƙarƙashin rumfa. Shekara ɗaya na yi ina fama da Hausar boko, sannan ya fara ɗora mana Turanci kaɗan-kaɗan. Da karatu ya buɗe mini, sai na zama abin dariya a gida. Ba na wuce rubutu. Buhun taki, gwangwanin madara, bayan mota, duk sai na tsaya na haɗa baƙaƙen da ƙarfi. Innarku takan ce ko kwanon tuwo aka rubuta wa suna, sai tuwon ya huce kafin in sa hannu.

Wata rana na je aji da wuri, na tarar da Bitrus a shago da wani abu manne a kunnuwa, hannunsa a kan wata sanda, yana magana shi kaɗai. Na leƙa fuskar kwamfutar. Cikin jirgi ne, da agogunansa jere, da hancin jirgin, da farfela tana juyawa.

"Malam Bitrus, wasan yara kake yi da girmanka?"

"Malam Isiyaku, zauna ka ji yaran," in ji shi, ya ɗora mini abin a kunne.

Sai ga muryoyin manya, maza da mata, suna magana a gajarce, ba wasa ko kaɗan. Ya bayyana mini cewa mutane ne na gaske a ƙasashe daban-daban, kowa yana ɗakinsa. Wasu suna tuƙa jirage a kwamfuta, wasu suna zaman masu hasumiya suna ba da izinin tashi da sauka, kuma duk suna bin ƙa'idar jiragen gaske. Ba wanda ake biya. Shi ma ya so zama matuƙi, hali bai yi ba. Ban san lokacin da na ba shi labarin jirgin feshi ba, labarin da ko Innarku ba ta sani ba. Bai yi dariya ba. Ya jawo kujera ya ce in faɗa masa cikakken sunana, zai shigar da ni ƙungiyarsu, don ba ta karɓar laƙabi. Ni na danna baƙaƙen da yatsa ɗaya. Aka ba ni lamba, na rubuta ta a bangon littafina.

Farkon abin ba tashi ba ne. Akwai dokoki masu tsawo da sai ka karanta, da tambayoyin da sai ka amsa. Bitrus ya buga mini su a takarda, na yi wata biyu ina bin su layi-layi, yana fassara mini inda na maƙale. Na faɗi karo na farko, na ci a na biyu. Bayan nan aka ce sabon shiga ya ajiye jirginsa a gefen fili ya yi ta saurare, kada ya ce uffan. Samarin da Bitrus ya taɓa nuna wa abin duk a nan suka gudu. Ni kuwa mako uku na yi ina zaune a jirgin da ba ya motsi, kuma ban ji nauyinsa ba. Wanda gonarsa take ƙarshen kanal ya saba da jira. A sauraren nan na gane maganar tasu ba ta da yawa, kalmomi ne ƙididdigaggu da suke juyawa, kuma duk abin da mai hasumiya ya faɗa sai matuƙi ya maimaita masa, don a tabbata an ji. Na rubuta su yadda kunnena ya ji su. A gona, ina jera bututun sayfon da muke jawo ruwa da shi daga kanal zuwa fangali, ina neman izinin tashi daga wajen kwaɗi. Baba Sule, maƙwabcin gonata, dattijo ne da ya yi abota da babana. Ya ji ni sau biyu, a na uku ya dogara fartanya ya ce:

"Isiyaku, in aljanu ne ka faɗa mini, akwai mai magani a Bunkure."

Da na gaya masa gaskiya ya yi dariya har da tari. Daga ranar ya raɗa mini Kyaftin, sunan ya bi gari. In na wuce a keke sai a ce, "Kyaftin, a sauka lafiya, akwai awaki a titi." Ban damu ba.

Sannan tuƙin kansa. Na fasa jirage ba adadi a kwamfutar Bitrus, ba tare da mun shiga cikin jama'a ba. Abin da ya taimake ni hannun ban-ruwa ne. In ka buɗe wa fangali ruwa da ƙarfi, ƙasa yake ci ya tafi da shuka. Sai ka saki kaɗan, ka jira ka ga inda ya nufa, ka ƙara. Haka sandar jirgi take. Ranar da na fara tashi daga filin jirgin Kano na miƙi kudu, na ga hanyar Zariya kamar zare, na ga shuɗin ruwan Tiga can nesa. Na nemi kanal ɗinmu ban gan shi ba, ba a sa shi a ciki ba. Amma na san inda ya kamata ya kasance, na karkata fiffike a daidai wurin.

Matakin ƙarshe na sabon matuƙi shi ne jarrabawa da malami. Zai saurare ka, ya ga jirginka daga can inda yake, ka tayar da inji, ka nemi izini, ka tashi, ka kewaya fili, ka sauka, har sau uku. Malaman 'yan sa-kai ne, layi kuma da tsawo. Mako bakwai na jira kafin wani tsohon Bature da ya yi ritaya ya ba ni rana, Alhamis, daga hantsi zuwa bayan azahar. A makon ne kuma Bitrus ya gaya mini mahaifinsa ya kwanta ciwo, zai kwashe shagon ya koma gida ranar Asabar. Wato in ban yi a wannan Alhamis ɗin ba, shi ke nan, don babu wani faranti irin nasa daga nan har birni, babu kuma wani Bitrus.

Alhamis kuwa ita ce ranar ruwana.

Ku da kuka taso da injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse ba za ku gane nauyin wannan ba. A lokacin kowa da ranarsa a mako, daga safe zuwa la'asar. Mu na ƙarshen kanal, ruwa ba ya iso mu sai mai gona ya taka da ƙafarsa ya bi kanal sama, yana gaisawa da mutane yana cewa, "Baba, yau tawa ce, a ɗaga bututu." Ɗan ƙwadago ba shi da fuskar da zai faɗa wa dattijo haka, ko ya faɗa, yana juya baya za a mayar. Ƙanena ya bi motar tumatir zuwa Ikko, ku kuma kuna ƙanana. Abin da aka saba in mutum yana da uzuri shi ne musaya, ka ba maƙwabcinka ranarka ya ba ka tasa. Ranar Baba Sule Asabar ce. Tumatirina yana tsakiyar fure, zafi ya fara shigowa, amma jinkirin kwana biyu ba zai kashe shi ba. Na yanke shawarar in same shi ranar Laraba.

Ranar Talata da yamma na biyo ta ɗakin mai ƙofar ruwa, ma'aikacin da ke buɗe kanal da rufe shi, na ga an manna sabuwar takarda a bango. Da Turanci aka buga ta. Mai ƙofar ba ya nan, ba kowa a wurin. Na jingine keke, na sa yatsa na bi ta. Na karanta sau uku don in tabbata. Za a rufe babban kanal daga safiyar Juma'a, kwana goma sha biyu, don yashe da gyara. Ita ce takardar hukuma ta farko da na karanta ni kaɗai a rayuwata, ba wanda ya taya ni ko da kalma ɗaya. Na tuna har murna na fara yi kafin ma'anarta ta sauko mini. A ɓangarenmu ba mai karanta Turanci, irin wannan sanarwa sai an faɗe ta a masallacin Juma'a mutane suke ji. Ruwan Alhamis shi ne na ƙarshe. Asabar ɗin Baba Sule ba za ta zo ba.

Na daɗe tsaye a wurin har aka kira magariba. Na san abin da ya kamata. In gaya wa Baba Sule, shi kuma na san abin da zai ce: mu raba Alhamis biyu, kai safe ni rana, mu bi kanal tare. Da gonakin biyu sun sha rabi-rabi, da sun jure. Amma da hakan na nufin ina bakin kanal da hantsi, ba a Kura ba. Na tura kekena gida ban hau ba. Da safe na same shi yana cire ciyawa a albasa.

"Baba, ina da uzuri gobe. Ka ɗauki Alhamis, ka bar mini Asabar."

"Uzurin jirgi?"

"Shi ne."

"Tumatirinka fa yana fure, Kyaftin."

"Zai jure kwana biyu."

"To, Allah Ya sauke ka lafiya. In ka hango ni daga sama ka ɗaga hannu."

Ban yi masa ƙarya da baki ba, amma ban gaya masa abin da idona ya gani ba, kuma shirun nan ba don shi na yi ba, don kaina na yi.

Ranar Alhamis na sa rigar da nake zuwa Juma'a da ita. Bitrus ya rufe shago bai karɓi kowa ba, ya cika janareto da mai, ya kashe sauran kwamfutocin don kada su ja ƙarfin intanet. Ya zauna a bayana ya harɗe hannu, domin an hana a taimaka. Muryar tsohon ta zo tana yankewa, yana yawan gyaran murya. Ya kira lambar jirgina. Sai na tuna kwaɗin kanal, na danna maɓalli na nemi izinin tayar da inji, da irin Turancina. Ya ba ni, na maimaita masa. Ya ce daidai.

Na bi jerin abubuwan da ake dubawa kafin tashi ɗaya bayan ɗaya, yatsana a kan takarda. Na gangara zuwa bakin titin tashi na tsaya a layin da ake tsayawa. A nan ya bar ni. Minti ɗaya, biyu, biyar, ba izini. Bitrus ya fara motsi a kujera. Daga baya na ji gwaji ne, yawancin sababbi sukan ƙosa su hau titi ko su dame shi da tambaya. Ni na zauna. A zaman nan ne na ga ruwa a raina, yana bin kanal ɗinmu yana tura busassun ganye a gaba, yana wuce bakin gonata ya shiga ta Baba Sule. Da izinin ya zo na maimaita, na tura mai, ƙasa ta sake ni.

Saukar farko na buga ƙasa da ƙarfi jirgin ya yi tsalle. Ta biyu na zo sama da yawa, na ce masa zan sake kewayawa, na tashi ban taɓa ƙasa ba. Na ɗauka na faɗi ke nan. Ya ce a'a, wanda ya san lokacin da zai fasa sauka shi ake nema, in sake zuwa. Na sake, ta yi. A ta ƙarshe na rage mai a hankali, na jira, na ja sanda kaɗan, na jira, har tayoyin suka taɓa titi ban ji ba. Tsohon ya yi magana mai tsawo wadda ban kama duka ba. Na juya wajen Bitrus, na ga idonsa ya kaɗa.

"Me ya ce?"

"Ya ce ka ci. Kuma yana tambaya wane aiki kake yi da hannunka yake da haƙuri haka."

"Gaya masa manomin tumatir ne."

"Kai za ka gaya masa, Kyaftin. Maɓallin yana hannunka."

Na gaya masa da kaina. Bitrus ya buga mini shafin da sunana ya fito a jerin waɗanda suka ci matakin farko. Na naɗe shi na sa a aljihu. Da la'asar na biya ta gona. Fangulan Baba Sule suna sheƙi da ruwa, nawa a bushe, ganyen ya fara lanƙwasa kai. Ya ɗago mini hannu daga nesa yana dariya.

Washegari bayan sallar Juma'a aka yi sanarwa, masallaci ya ɗauki salati. Baba Sule ya ratso mutane ya kama hannuna biyu.

"Isiyaku, ruwanka na sha. Wallahi ban sani ba. Ka yafe mini."

Dattijon da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro, shi yake neman gafarata. Na ce ba komai, haka Allah Ya rubuta. Daga wannan kalmar labarin da kuka sani ya tashi.

Na koma gida, Innarku ta kawo abinci, na ci. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai, ba ta dube ni ba.

"Malam, an ce za a rufe ruwa."

"An rufe ma."

"Matar mai ƙofar ruwa ta ce tun Talata aka manna takarda."

Na jawo kwanon ruwa na wanke hannu.

"Ta nan kake bi kullum. Kai da ba ka wuce rubutun buhun taki. Kuma yau ka shigo ka cinye kwanonka tas, ban ga alamar wanda labari ya faɗo wa ba."

"Na karanta ta, Saude."

Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Na fi son ta yi faɗa, ba ta yi ba. Da tumatirin nan muka yi niyyar sauya kwanon rufin ɗakinku kafin damina, ta sani, na sani. Habu, kai ka isa tuna daminar da kuka yi kuna kwana da robobi a gefen tabarma, kuna ja da baya in ɗigon ya sauya wuri. Ba rufe kanal ne ya jawo muku ba, ni ne. Can ta ce kada Baba Sule ya taɓa ji, domin in ya ji, albasar za ta yi masa ɗaci har ya mutu. Na ce to. Ta karkaɗe faifai, ta miƙe, har ta kai tsakar gida sannan ta tsaya ba ta juyo ba.

"Jirgin fa? Ka sauke shi lafiya?"

"Sau uku."

"To, alhamdu lillahi. Akwai bokiti biyu a bayan ɗaki. An ce ruwa ya kwanta a ƙarƙashin kwalbati, ka je tun kafin wasu su riga ka."

Kwana goma sha biyu na yi ina jidar ruwa a kafaɗa daga kwalbatin nan. Kunya huɗu na ceto, sauran suka zubar da fure suka bushe. Bitrus ya tafi ranar Asabar da kwamfutocinsa a bayan a-kori-kura, ya bar mini littafin da yake koya mana da shi. Mun yi waya sau da yawa daga baya, amma ban sake taɓa sandar jirgi ba har yau. Matakin farko na ci, a nan na tsaya.

In kun tambaye ni ko na yi nadama, na yi nadamar shirun da na yi wa Baba Sule, da robobin da kuka kwana da su. Hantsin nan na Alhamis kuwa, na nemi zuciyata ta yi nadamarsa shekara da shekaru, ta ƙi. Ku haɗa biyun ku yi mini hukuncin da kuka ga dama, amma ku daina ba 'ya'yanku labarin kyauta, don ban yi ta ba.

Takardar da Bitrus ya buga mini, na neme ta a aljihu bayan kwana biyu ban gan ta ba, na ɗauka ta faɗa kanal. Bayan rasuwar Innarku, da ake raba kayanta, aka same ta a ƙasan akwatinta, a naɗe cikin leda, tsakanin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla. Ita da ba ta karanta ko harafi ɗaya ba.